Barewa a Cikin Harami

Ranar da Rakan ya zo da maganar yanka Auta, Malam Kabo na durƙushe a bakin keji yana tsince ƙaya daga cikin ciyawar barsim. Auta barewa ce, gurguwa, ƙafarta ta baya ta shanye tun tana jaririya, kuma shekara tara ke nan Malam Kabo yana ba ta abinci da hannunsa. Wanda bai san su ba zai ce tsohon ya taɓu, don hira yake yi da ita da Hausa tun daga safe har la'asar, ita kuwa tana tuƙa tana kallonsa, ba ta taɓa musa masa ba.

Wurin istiraha ce, irin gidan gonar nan da masu hali na Makka ke ginawa a bayan gari don hutun ƙarshen mako. Doguwar katanga ce da 'yan itatuwan dabino, da ɗakin baƙi, da kejin waya a kusurwa. Mai ita, Alhaji Hashimu, ɗan kasuwa ne a Rusaifa, haifaffen Makka, amma kakansa da ƙafa ya tako daga ƙasar Hausa. Shi ya ɗauki Malam Kabo gadi, bai taɓa tambayarsa takarda ba don ya san babu. Malam Kabo aikin Hajji ya zo shekara talatin da suka wuce, jirgin alhazai ya koma, shi bai koma ba. Shi Alhaji Hashimun ne kuma ya karɓo Auta a hannun wani makiyayi, bayan wata gobara da ta ci duwatsun Ɗa'ifa ta ƙone mata ƙafa. Bara Allah ya yi masa rasuwa, komai ya koma hannun ɗansa Rakan.

Rakan ba mugun yaro ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Matashi ne mai kunya, mai gaida manya, sai dai Hausarsa ta yi ƙaranci, Larabci ya cinye ta saura ƙashi, shi ya sa yake ce wa tsohon Ammi, wato Baffa. Ya tsaya nesa da kejin yana juya makullin mota a yatsa.

"Ammi Kabo, mun sayar da istiraha. Khalas, an gama. Mai saye ya ce ba ya son gazal."

"Barewa," in ji Malam Kabo. Shekara tara yana gyara masa kalmar nan.

"Barewa. To, ranar Juma'a abokaina za su zo walimar ban kwana. Abokina Turki ya ce namanta ya fi na rago. Ya ce shi zai kawo mai yanka."

Malam Kabo ya miƙe a hankali, yana dafa gwiwa. Bai yi faɗa ba, don bai da bakin faɗa a gidan da yake ci yake sha. Ya ce, "Ɗana, akwai gidan zu a Ɗa'ifa. Ka kira su a waya su zo su ɗauke ta. Za su ba ta inuwa da ruwa, yara su riƙa zuwa kallonta."

"Na yi tunanin haka, wallahi," in ji Rakan. "Amma Baba bai yi mata rajista ba. In suka zo za su ce ina tasrihinta, wa ya ba mu izinin ajiye ta. Sannan su ce wa ke kula da ita, ya fito. Kai za ka fito, ya Ammi? Da wace igama, wace takardar zama?"

Gaskiya ya faɗa. Malam Kabo ya sunkuya ya ci gaba da tsince ƙayar da ya riga ya gama tsincewa, har ya ji tashin motar.

Sai an koma baya kaɗan za a gane abin da ya sa tsoho mai furfura zai shiga irin wannan hali a kan dabba. Malam Kabo bai fara riƙe igiyar barewa a Makka ba. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga leburancin gandun daji a Rafin Marke, can gida. Aikinsu share hanyar wuta ne da fartanya kafin ciyawa ta bushe, in kuma wuta ta tashi su bi ta da ɗanyen ganye suna bugu har gashin girarsu ya babbake. Kowace shekara sai ta tashi. Mai neman gafiya ya kunna, mai ɗiban zuma ya kunna, makiyayi mai son sabon toho ya kunna, kowa da hujjarsa, kuma babu wanda ya taɓa tsayawa ya ga abin da ke kwance a ƙasa bayan ta wuce. Su leburori su ke gani.

A irin wannan zagaye ne Kabo ya tsinci 'yar barewa a cikin toka, kusa da gawar uwarta, rabin kunnenta ɗaya ya ƙone. Ya sa ta a riga ya kai ofis. Babban malamin daji na lokacin mutum ne mai dabara. Ya dube ta ya ce wannan ta fi duk wa'azin da suke yi da lasifika. Aka raɗa mata suna 'Yar Toka. Aka kira mai fenti ya zana ta da kunne ɗaya da rabi a ƙofar motar ofis, da jikin allunan kwano da aka kakkafa a bakin daji. Aka yi mata 'yar waƙa mai baiti ɗaya, wai 'Yar Toka ta ce a kashe ashana, daji gidan wani ne. Duk ranar kasuwa sai a ɗora ta a bayan mota, Kabo na riƙe da igiya cikin gajeren wandon kaki, yana ji da kansa ya fi hakimi. Da fari dariya mutane suka yi. Daga baya yara suka ɗauki waƙar, suka riƙa tsare iyayensu da ita a gida, har wani maharbi ya zo ofis yana ƙorafi cewa 'yarsa ta ɓoye masa ashana a cikin tulu. Shekara shida a jere wuta ba ta ƙetare rafin ba, kuma Kabo yana nan, da idonsa ya gani.

Da ta girma ta fara tsallake katangar ofis, aka kai ta gidan zu na birni. Kabo ya yi fushi a lokacin, ya ce an ɗaure ta. Amma duk Sallah sai ya hau mota ya je, ya same ta ta yi ƙiba, ga inuwa, ga ruwa, ga 'yan makaranta sun yi layi suna leƙe. Wata rana ya ji wani yaro na tambayar malaminsu ko wannan wace irin akuya ce. Nan ya gane an fara haifar yaran da ba za su taɓa ganin barewa a daji ba, in ba a nan ba babu inda za su san Allah ya halicce ta. Shekara goma sha huɗu ta yi. Ta mutu haƙoranta sun cinye, a kan busasshiyar ciyawa, likitan dabbobi na tsaye a kanta. A duk namun dajin da Kabo ya sani a rayuwarsa, ita kaɗai ce ta mutu da tsufa. Masu cewa gidan zu kurkuku ne suna da bakin faɗa, amma yawancinsu ba su taɓa ɗaga gawar zomo daga cikin toka da hannunsu ba.

Gandun Rafin Marke kuwa yanzu babu shi. A waya ake ba shi labari, guntu-guntu: masu gawayi sun shiga, manoma sun bi bayansu, daga baya 'yan bindiga suka zauna a abin da ya rage. Allunan kwanon an ciccire an yi rufin bayi da su. Duk lokacin da ya ji irin wannan labari sai ya je bakin keji ya zauna ya ba Auta labarin 'Yar Toka daga farko.

Ranar Talata ya ɗaura hiraminsa ya shiga gari, ta lungunan da ya san ba a tsayar da mutum. Ya sauka unguwar Mansur, inda Hajiya Safara'u ke sayar da tuwo da miyar kuka a ƙarƙashin wani bene. 'Yar garinsu ce, tare suka taso, kuma ita kaɗai ta rage a Makka da ta san sunan mahaifiyarsa. Ta zuba masa ba tare da ta tambaye shi ba, ta ga bai taɓa ba.

"Malam, wa ya mutu?"

Ya ba ta labari. Ta ajiye ludayi ta dube shi sama da ƙasa.

"Yanzu a kan nama kake wannan zaman makoki? Ni na ɗauka tarhil aka ce za a yi da kai, a kama ka a mai da kai gida. Jiya-jiyan nan aka kwashe mutum takwas a bayan masallacin can, har da mai jego. Kai kana nan kana kukan akuya."

"Ba akuya ba ce, Hajiya. Kin tuna 'Yar Toka?"

"Wace 'Yar Toka? 'Yar gidan wa?"

Ya rera mata baitin a hankali, yana jin kunyar mutanen da ke cin tuwo a gefe. Fuskarta ta washe, ta tafa hannu ta kama tare da shi har ƙarshe, ba ta kuskure ko kalma ɗaya ba. Ransa ya yi fari. Sai ta ce, "Allah sarki, zamani! Ai tallar ashana ce, ko? Wadda ake yi a kasuwa?"

Malam Kabo bai gyara mata ba. Ya ji abin ya soke shi fiye da maganar Rakan. Shekara shida na rayuwarsa, mafi daɗi a cikinsu duka, ashe abin da ya rage a kan mutane shi ne wai tallar ashana. Ya tura kwanon gefe.

Safara'u ta ga ta taɓa inda ba ta nufa ba, sai ta sassauta murya. "Malam, ka ji ni da kyau. Shekararka talatin kana laɓe-laɓe don ka mutu a garin nan a binne ka kusa da Rakiya. Saura ƙiris. Kada ka je ka yi wani abin da zai sa a ɗora ka a jirgi da tsufanka. Wa ka sani a can yanzu? Ka bar yaron nan ya yi abin da zai yi da dabbarsa."

Rakiya matarsa ce, shekara goma sha ɗaya da rasuwa, kuma maganar Safara'u babu ƙarya a ciki. Ya juya yana kallon titi. Tattabaru sun cika gaban shagon, suna yawo tsakanin ƙafafun mutane, wata har ta hau gefen tiren burodin maƙwabci tana tsattsaga. Mai burodin ya ɗaga hannu, sai kuma ya sauke, ya bar ta. Kowa a Makka ya san dalili. Nan Harami ne, ba a farautar abin daji, ba a kashe shi, ko razana shi ba a yi. Malam Kabo ya daɗe yana kallon tattabarar nan, sannan ya jawo kwanon tuwon ya cinye tas, har Safara'u ta yi zaton nasiharta ce ta shige shi.

Ita istirahar Alhaji Hashimu a cikin iyakar Harami take. Daga ƙofarta ana hango ginshiƙan da aka kafa a bakin hanya don nuna iyakar, tafiyar da ba ta fi ta shan shayi ba. Washegari Malam Kabo ya kira Rakan a waya, abin da bai taɓa yi ba, ya ce yana da magana. Da ya zo ya zaunar da shi a inuwar dabino, ya gyara murya irin ta masu karatu.

"Ɗana, ban hana ka dukiyarka ba. Amma ina jiye maka tsoron Allah. Barewa abin farauta ce, nan kuma Harami ne. In Turki ya sa mata wuƙa a cikin katangar nan, alhakin a wuyanka yake, kuma a gidan mahaifinka aka yi."

Rakan ya yi tsuru-tsuru. Bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Ya ce, "Astagfirullah. Wallahi ban sani ba, ya Ammi. Bari in tambayi shaihin masallacinmu." Ya sumbaci kan tsohon ya tafi.

Ranar nan Malam Kabo ya yi wa Auta wanka da tiyo, ya ba ta dabino uku, ya gaya mata cewa ta kwantar da hankalinta, tsohon lebura ya fi su wayo. Lissafinsa shi ne in wuƙa ta haramta, dole Rakan ya nemi wani mai gidan gona ya ba shi ita, ko ya daure ya kira mutanen gidan zu. Rabin hukuncin ya sani, kuma da rabin nan ya yi ta murna har gari ya waye.

Ranar Alhamis da hantsi Rakan ya dawo, fuskarsa a sake, irin ta wanda aka sauke wa kaya.

"Jazakallahu hairan, ya Ammi, ka cece ni. Shaihi ya ce gaskiyarka, babu yanka. Na gaya wa Turki ya kawo rago." Ya ɗan tsaya yana neman kalmomi. "Amma ya ce ba yanka kaɗai ba. Ya ce duk wanda ya shigo da abin farauta cikin Harami, wajibi ne ya ɗauke hannunsa daga kansa. Ba keji, ba igiya, ba sayarwa, ba kyauta. A buɗe mata ƙofa ta tafi. Ya ce abin da Baba ya yi kuskure ne, Allah ya gafarta masa, kada ni in ƙara ko kwana ɗaya a kai."

Malam Kabo ya juya ya dubi Auta. Ya dafa wayar kejin.

"Ta tafi ina? Rakan, dubi ƙafarta. Ba ta san ta nemi ruwa ba, a bokiti take sha. Bayan katangar nan ban da dutse da kwalta me ke akwai? Karnukan da ke bin bolar can ko awa ɗaya ba za su ba ta ba."

"Allah ne zai kula da ita. Haraminsa ne."

"Mahaifinka ba jahili ba ne. Karatun kakanninsa ya bi, a wajen malamanmu na gida akwai sassauci ga mazaunin gari. Ka bari in nemo wani malamin."

"Ya Ammi," in ji Rakan, a hankali, ba da raini ba, "kai ka ce in ji tsoron Allah. Na ji. Yanzu kuma in je ina zagaya malamai har in sami wanda zai faɗi abin da nake so?"

Malam Kabo ya sunkuyar da kai. Da bakinsa ya jawo, da wayonsa, kuma ya san haka. Da ya yi shiru, da wuƙa ce mai kaifi, minti ɗaya an gama, da bisimilla. Yanzu ya saya mata mutuwar da ta fi wannan muni, ya kuma toshe ƙofar kyauta da ta gidan zu gaba ɗaya, don yaron ba zai sake taɓa maganar ba. Baƙin ciki ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa.

Rakan ya buɗe babbar ƙofar istiraha da kansa, ya kwance igiyar da ke rataye a jikin keji ya jefa a bayan motarsa. Ya ce wa tsohon ya tattara kayansa, don ya riga ya yi masa magana da wani abokin mahaifinsa a Rusaifa mai neman mai gadi, gobe zai zo ya kai shi. Kejin kuwa ya ce Ammi ya buɗe da hannunsa, tunda shi ta sani. Ya shiga mota ya tafi, don shi ma ba ya son gani.

Malam Kabo ya zare sakatar. Auta ta dubi ƙofar, ta dube shi, ta ci gaba da tuƙa. Ya koma gefe ya zauna, ya ba ta lokaci. Har azahar ba ta motsa ba. Ya yi salla, ya dawo, tana nan. Korar ta kuma ba dama, don razana ta ma haramun ne, shi kansa ya sani. Daga ƙarshe ya tashi ya nufi babbar ƙofa, sai ya ji takunta a bayansa, uku masu ƙarfi, ɗaya na ja.

Suka fita tare. Rana ta take, duwatsun sun yi baƙi ƙirin, babu ko ɗanyen ganye ɗaya a jikinsu. Ya bi wani kwari da ita yana duba ko akwai inda ruwa ke taruwa, shi da ya san babu. Ya sami inuwar wani dutse ya ce mata ta zauna nan, ya juya da sauri. Ta biyo shi. Ya sake komawa, ya zube mata sauran dabinon aljihunsa, ya lallaɓa ta bayan dutsen. Bai yi taku ashirin ba ya ji hancinta a tafin hannunsa. A karo na uku ne ya hango su a kan tudu, karnuka huɗu, ramammu, suna zaune suna kallo ba su ko yi haushi ba. Ba gaggawa suke yi ba.

Ya tsaya ya yi tunani irin wanda bai taɓa yi ba tun da ya zo ƙasar nan. Istiraha ta zama ta wani. Ɗakin da za a kai shi a Rusaifa ko tabarma biyu ba zai ci ba, balle barewa. Ɗa'ifa na bayan duwatsu, da shingen bincike a tsakani, kuma babu direban da zai ɗauki tsoho marar takarda da naman daji a mota. Lambar mutanen gidan zu bai san ta ba, ko ya sani Larabcinsa na kasuwa ne, ba na waya da hukuma ba. Hanya ɗaya ta rage, kuma ita ce wadda ya shekara talatin yana kauce mata.

Ya gangara bakin babban titi, Auta na biye. Manyan motoci na wucewa da gudu, iskarsu na kaɗa masa riga. Ya tsaya kusa da wani ƙarfen allo, ya dafa wuyanta, yana jira. Ya tuna Safara'u da abin da ta ce, ya tuna inda Rakiya take kwance, ya san ba zai sake zuwa wurin ba. Tsoro ya kama shi sosai. Da ya hango motar 'yan sintiri tafe, jikinsa da kansa ya fara ja da baya, don abin da ya saba ke nan. Ya yi ta maza ya taka kwalta ya ɗaga hannu biyu.

Motar ta tsaya. Samari biyu ne a ciki, ɗaya ya fito yana gyara hula, yana kallon barewar da mamaki.

"Salamu alaikum, ya Hajj. Lafiya? Taka ce?"

Malam Kabo ya tattaro duk Larabcin da ya mallaka. Ya ce ba tasa ba ce, ba ta kowa ba ce, gurguwa ce, wuta ce ta ƙone ta, ba ta iya daji ba, ga karnuka can. Ya ce don Allah su kai ta gidan zu, ko su kira masu kai ta. Saurayin ya saurare shi har ƙarshe, ya ce masha Allah, ya shafa bayanta, har ya ɗauke ta hoto da wayarsa. Sannan ya yi tambayar da aikinsa ya ce ya yi.

"Igama, ya Hajj?"

"Babu."

"Fasfo?"

"Babu, ɗana. Shekara talatin."

Saurayin ya dubi abokinsa, ya sake duban tsohon, kamar yana so ya ce me ya kai ka. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa shi ba. Ya buɗe ƙofar baya ya ce ya yi haƙuri, dole su tafi da shi.

"Na sani," in ji Malam Kabo. "Ita fa? Ku sa ta a baya, ba ta da nauyi, zan riƙe ta a cinyata."

"Mamnu', ya Hajj. Ba a ɗaukar dabba a motar nan. Zan sanar da masu kula da namun daji, su za su zo."

"Yaushe?"

"In sha Allah."

Saurayin ya ɗauki na'urarsa ya yi magana a ciki, Malam Kabo ya ji ya ambaci gazal da lambar hanya, wata murya ta amsa a taƙaice. To, an sanar. Abin da ya rage shi ne ta tsaya a wurin har su zo. Tsohon ya warware hiraminsa da sauri, ya zagaya shi a wuyanta, ya durƙusa zai ɗaure ɗaya bakin a jikin ƙarfen allon. Sai ya ji hannu a kafaɗarsa.

"La, ya Hajj," in ji saurayin, da ladabi, yana nuna ginshiƙan iyaka da ke can gaba. "Nan cikin Harami ne. Ba a ɗaure ta."

Shi da kansa ya kwance hiramin, ya ninke shi, ya miƙa wa tsohon da hannu biyu.

Aka rufe ƙofa, motar ta hau titi. Malam Kabo ya juya ya leƙa ta gilashin baya. Auta ta tsaya a inda ya bar ta, kunnuwa a miƙe, sai ya fara yi wa Allah godiya. Bai rufe baki ba ta taka kwalta. Ta fara da ɗingishi, sannan ta kama gudu, irin gudun da bai taɓa sanin tana da shi ba, a tsakiyar layin da manyan motoci ke bi. Ya buga gilashin da tafin hannu yana ihu, "Koma! Auta, koma!" Ta ga fuskarsa, ta ga hannun da ke ba ta abinci yana motsi, ta ƙara mai.

Nan ya gane shi take bi, kuma muddin tana ganinsa ba za ta tsaya ba. Ya rufe bakinsa. Ya zame daga kan kujera ya dunƙule a ƙasan motar, ya cusa kansa tsakanin gwiwoyinsa don kada ko hularsa ta leƙo. Ɗaya daga cikin 'yan sintirin ya waiwayo ya tambaye shi ko ba shi da lafiya ne, shi kuwa ya ƙara cusa kai ƙasa. Yana nan a dunƙule ya ji wata babbar mota a bayansu ta danna oda mai ƙara, ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba, kuma bai ɗago ya duba ba.